Yadda Ake Hura Wuta a Daji Cikin Marka

Daga Kano har Maraɗi babu watan da ya kai Agusta ruwa. Shi ne lokacin marka, sa'ad da sama kan wuni tana zuba ta kuma kwana tana yayyafi, ƙasa ta ƙoshi har ta riƙa mayar da ruwa waje. Mutumin birni mai gas ko risho bai cika sanin wahalar ba. Amma makiyayin da ke mashekari, da manomin da ya tare a bukkar gona yana gadin masara saboda birai, da maharbi, da direban da motarsa ta kafe a laka tsakanin ƙauyuka, duk buƙatarsu ɗaya ce idan magariba ta kawo jiki, wato wuta. Da ita za a busar da riga, a dafa shayi, a gasa sabuwar masara, a turnuƙe garke da hayaƙi don sauro da ƙudaje su bar shanu su huta. A kan tsaunin Mambila kuwa, wajen Gembu, inda tudu ya haura mita 1,500, wanda ya kwana da jiƙaƙƙun kaya babu wuta sanyi na iya kwantar da shi.

Yawancin waɗanda wuta ke gagara a irin wannan yanayi kuskure ɗaya suke yi. Sukan sunkuya su tsinci abin da ke ƙasa, su tara, su yi ta ƙyasta ashana har kwali ya ƙare, sannan su ɗora wa ashanar laifi. Alhali duk abin da ya kwanta a ƙasa cikin damina ya riga ya sha ruwa har cikinsa. Busasshen abu a wuri biyu yake ɓuya: ko a sama, inda bai taɓa ƙasa ba, ko a cikin tsakiyar itace, inda ruwa bai kai ba. Wanda ya riƙe wannan ya gama rabin aiki tun bai taɓa ashana ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Itace ba ya kamawa sai zafinsa ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Salsiyos, shi kuwa ruwa yana tafasa ne a digiri 100. Muddin da sauran ruwa a jikin ƙirare, zafin ashana ba zai wuce wurin ƙafar da shi ba. Kuma ƙafar da ruwa aiki ne mai cin zafi ƙwarai, domin zafin da ake buƙata a mayar da tafasasshen ruwa tururi ya ninka wanda ya tafasa shi fiye da sau biyar. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wanda zai ci da kyau kuwa sai danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Tsinken ashana ɗaya da ke ci na 'yan daƙiƙu ba shi da ƙarfin wannan yaƙi. Don haka ake fara ba shi abu mai laushi, busasshe ƙarau, wanda zai kama nan take.

A dajin ƙasar Hausa babu abin da ya kama ƙafar audugar rimi a wannan fage. Zaren nata yana da rami a ciki, cike da iska, bayansa kuma da wani maiƙo irin na kakin zuma da ke hana ruwa shiga. Wannan hali ne ya sa Turawa suka daɗe suna cusa ta a rigunan ceto na jiragen ruwa, har zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Ko ta sha yayyafi, in aka karkaɗe ta aka wargaza da yatsu, tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Matsalarta biyu ce. Ta farko, rimi da rani yake fashewa, saboda haka ba a tsintar audugarsa a Agusta, sai wanda ya yi tanadi tun bazara ya cusa a batta ko ƙaho. Mutanen Zariya, garin da har unguwanni suka ci sunan rimi irin su Rimin Doko da Rimin Tsiwa, ba su da uzurin rasa ta. Ta biyu, wuf take ci ta mutu, kafin mutum ya miƙa hannu ta zama toka. Maganin wannan shi ne a murza mata ɗan man kaɗanya ko basilin, a bar gefe ɗaya a wargaje don ya karɓi wuta. Dunƙule ɗaya da bai fi goro ba, in ya sha mai, yakan yi mintuna yana ci, kuma waɗannan mintunan su ne ke busar da ƙiraren da ke kansa. Audugar gurjiya da ta tumfafiya duk suna wannan aiki, haka ma audugar gona da aka cire wa gurya. Sai dai mai tsinkar tumfafiya ya kiyayi farin ruwanta, yana yi wa ido mummunar illa.

To, wanda ruwa ya rutsa da shi babu tanadi fa? Sai ya ɗaga kai. Kowace bishiya mai duhuwa, tsamiya ce ko kanya ko mangwaro, tana da matattun ƙananan rassa a cikinta waɗanda ba su faɗo ba, ganye ya yi musu laima, iska kuma tana ratsa su. Su ake nema. Gwajinsu a kunne yake: wanda ya karye ƙas ya bushe, wanda ya lanƙwashe ko ya tsage yana jan zare a bar shi. Wasu kan ɗora a leɓe, in aka ji sanyi to da danshi a ciki. Sabara da geza ma ba sa rasa busassun tsinke a tsakiyarsu, kuma ƙirarensu sirara ne, daidai abin da sabuwar wuta ke so.

Akwai kuma lura da inda ruwan ya fito. Hadarin ƙasar nan galibi daga gabas yake tasowa da iskarsa, shi ya sa bangon gabas na ginin ƙasa yake riga sauran zaizayewa. Haka abin yake a jikin itace. Bayan ruwa mai iska, ɓangaren yamma na kututture yakan fi bushewa, haka ma ƙarƙashin bishiyar da ta karkace. A nan ake kankaro busasshen ɓawo da wuƙa. Hano, wanda wasu ke kira ararrabi, ya fi kowa sauƙin kai, domin ɓawonsa da kansa yake saɓulewa fallen-fallen, siriri, ga ƙaro mai ƙamshi da ke taimaka wa wuta. Yana da yawa a wurare masu duwatsu. Maje ma haka, a dazuzzukan da suka fi kusa da kudu: ƙaronsa da mata ke turare da shi yana ci ko da an yi masa yayyafi, kuma ɗan gutsure a kan ƙirare ya kan raya wutar da ke shirin mutuwa. Ƙaron da ake jiƙawa a yi tawada kuwa, irin na ɗakwara, ba ya wannan aiki, kumbura yake yi ya baƙanta. Inda aka shuka itacen turare a bakin hanya ko a gandun daji, busasshen ɓawonsa da ke rataye da ganyensa mai mai suna kamawa da wuri.

A kusa da gona ko tsohuwar ruga abin ya fi sauƙi. Jinkar bukka ko ta rumbu, komai dukan da ta sha daga sama, in aka zura hannu ta ƙarƙashi za a zaro busasshiyar ciyawa. Tsohon karan dawa da ke tsaye a jikin darni, in aka ɓare bayansa, farin cikinsa busasshe ne, mara nauyi, yana riƙe garwashi. Matattun ganyen giginya da kabar goriba da ke rataye a jikin uwarsu, da zaren da ke gindin reshensu, duk makamashi ne. 'Ya'yan bini-da-zugu da ake shinge da shi, da na zurma, da ƙwayar gyaɗa, in aka ɓare aka tsire su a tsinke, suna ci a hankali saboda man da ke cikinsu. Tsohuwar sheƙar tsuntsu ma tana yi, amma damina ce lokacin ƙwai, kuma rushe sheƙa mai 'ya'ya don dafa shayi ba halin kirki ba ne.

Duk wannan laluben yana da haɗarinsa. Abin da ya kori mutum zuwa busasshen wuri shi ya kori maciji da kunama. Damina ce lokacin da sarar maciji ta fi yawa, asibitin Kaltungo a Jihar Gombe, wanda ya yi suna wajen jinyar waɗanda kububuwa ta sara, shaida ne. Ba a zura hannu a kogon itace ko ƙarƙashin ɓawo ko cikin jinka sai an fara bubbuga wurin da sanda an jira. Kuma in ana tsawa da walƙiya, gindin doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili ba wurin fakewa ba ne, balle wurin hura wuta.

Sai babban aikin, wanda masu gaggawa ke tsallakewa: faskare. A sami mataccen reshe mai kaurin damtse wanda ke tsaye ko ya maƙale a sama, a sare shi da adda ko gatari. Bayansa zai yi sharkaf, amma ruwan kwana biyu ko uku ba ya ratsa itace mai tauri sai kaɗan daga waje. A tsaga shi biyu, a sake tsagawa huɗu, sai ga farin ciki busasshe. In babu gatari, a ɗora bakin adda a kan guntun a riƙa dukan bayanta da wani ice har ya rabe. Daga wannan tsakiyar ake fitar da komai. Ana tsaga wasu su yi sirara kamar tsinken tsintsiya, wasu kaurin fensir, wasu kaurin babban yatsa. Sannan a ɗauki guda uku ko huɗu a feƙe su da wuƙa: a kwantar da kaifin, a tura a hankali daga sama zuwa ƙasa, sassaƙen ya nannaɗe amma kada ya rabu da jikin icen, a ɗan juya a sake, har kan sandar ya yi buzu-buzu. Gwanin wannan aiki yakan fitar da sassaƙe siriri har haske na ratsa shi, kuma irin wannan yana kamawa daga tsinken ashana ɗaya ba tare da wata auduga ba. Abin da aka feƙe kada ya taɓa ƙasa. A tara a cikin malafa ko hula, ko a zuba a cikin riga a jikin fata, ɗumin jiki ya ƙarasa busar da shi.

Nawa za a tara? Fiye da yadda ido ya ce ya isa. Sirara su cika hannu biyu, masu kaurin fensir su yi dami guda, manya kuma su kasance a kusa. Wutar damina ba ta jira a je a ƙaro.

Wajen zaɓen itace, marke da ƙirya su ne sarakai. Maƙera sun daɗe da sanin gawayin ƙirya, matan karkara kuma ba sa haɗa marke da komai wajen girki. Aduwa tana ci da ƙarancin hayaƙi, darbejiya da tsamiya ma ba laifi. Amma waɗannan masu tauri sai wuta ta kankama ake ba ta su, ba da su ake farawa ba. Kuka kuwa ɓata lokaci ce, jikinta ruwa ne zalla. Tinya da aguwa da sauran masu farin ruwa a nisance su, hayaƙinsu yana cutar da ido da maƙogwaro, kuma ba a tsire nama da tsinkensu.

Inda za a ɗora wutar shi ne mataki na gaba, kuma a nan dabarar rani takan ci amanar mutum. Da rani ana tona ɗan rami saboda iska. Da damina rami tafki ne. Tudu ake nema, in babu a tara ƙasa a yi shi, sannan a jera faskararrun itace huɗu ko biyar gefe da gefe, busasshen cikinsu yana kallon sama, su zama daɓe. Wannan daɓen ne ke raba jaririyar wuta da sanyin ƙasa, yana kuma barin iska ta shiga ta ƙarƙashi, daga baya shi ma ya zama garwashi. In za a kafa murhu, kada a ɗauko duwatsu daga cikin rafi ko kududdufi. Ruwan da ya shige cikinsu yakan zama tururi ya fasa su, ɓaraguzan su yi tsalle su sami fuska. Idan har yanzu ana yayyafi, a kafa 'yan sanduna a ɗora buhu ko tabarma ko ganyen giginya, a ɗaga sama sosai yadda harshen wuta ba zai kai ba, a bar gefe a buɗe.

Yanzu a ɗora audugar ko sassaƙen a tsakiyar daɓe, a kwantar da ice ɗaya mai kauri a gefen da iska ke fitowa, a jingina siraran ƙirare a kansa su yi wa audugar rumfa, da 'yar tazara a tsakani. Kada a danne. Mai hurawa ya tsuguna ya ba iska baya, ya goge hannunsa ya bushe, ya ƙyasta ashana kusa da wurin, ya kare ta da tafin hannu har tsinken ya kama sosai, sannan ya kai ta ƙarƙashi, domin wuta sama take hawa. Da sirara sun kama sai a ƙara musu 'yan uwansu, kaɗan-kaɗan, a inda harshen yake. Masu kaurin fensir su biyo baya. Wanda ya ga harshe ya tashi ya yi murna ya ɗora gungume, ya kashe wutarsa da hannunsa.

Hayaƙi yana ba da labari ga mai lura. Fari mai kauri tururi ne, alamar itacen yana fitar da ruwa, sai a yi haƙuri a ci gaba da ba shi sirara. Idan harshe ya mutu amma akwai ja a ƙasa, a kwantar da kai a hura, doguwar iska mai laushi daga gindi, ba fuf-fuf mai watsa toka ba. Reshen gwanda da aka yanke kai da gindi, tun da yana da rami a ciki, yana kai iska daidai inda ake so ba tare da hayaƙi ya cika ido ba. Fifita da faifai ko malafa sai garwashi ya taru. Da wuta ta tsaya da ƙafarta, a jera jiƙaƙƙun itace kewaye da ita su sha zafi, kowane ya bushe kafin layinsa ya zo.

Ita kanta ashanar tana son kulawa. Irin wadda ake sayarwa a kanti ba ta kamawa sai a jikin kwalinta, domin rabin sinadarin yana kan tsinke, rabi yana gefen kwalin. Kwali ya jiƙe, tsinke ya zama banza ko da shi bai jiƙe ba. Shi ya sa masu shiga daji ke yanko gefen kwalin su haɗa da tsinkayen a cikin robar magani mai murfi. Leta in ta faɗa ruwa ba ta mutu ba, a karkaɗe, a hure, a gurza ƙafarta a jikin wando har ta bushe. Ko gas ɗinta ya ƙare kada a yar, tartsatsinta kaɗai yana kunna audugar rimi.

Kafin ashana ta zo, wadda wani mai haɗa magunguna a Ingila, John Walker, ya fara sayarwa a 1827, ƙyastu ne abokin tafiyar fatake da maharba: ɗan ƙarfen da maƙeri ya ƙera, da dutse mai kaifi, da abin kama tartsatsi, duk a cikin 'yar zabira. Har yanzu yana aiki, kuma ruwa ba ya lalata ƙarfe da dutse. Abin da ya fi karɓar tartsatsinsa shi ne ƙonannen tsumman auduga. Ana kunna wa tsumman wuta, in ya kama a tura shi cikin gwangwani a rufe, ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba. Tartsatsi na sauka a kansa sai ɗigon ja ya bayyana, a naɗe shi cikin busasshiyar ciyawa a hura. Murza ice a kan ice kuwa, irin yadda Hadza na Tanzaniya da mutanen San na hamadar Kalahari suke yi, gwaninta ce ta gaske, amma ba cikin marka ake koyonta ba.

Wata gajeriyar hanya ta zama ruwan dare a yau, wato kunna leda ko guntun tayar mota a ɗiga a kan itace. Tana kamawa, ba musu. Amma baƙin hayaƙinta guba ne, yana shiga huhu yana kama abinci, ɗigonta kuma in ya sauka a fata sai ya tafi da ita. Fetur ya fi muni, domin tururinsa ne ke kamawa tun kafin ashana ta kai ga itace, kuma wutar takan biyo shi har cikin jarkar da ke hannu. Wani haɗarin da ba a gani shi ne shigar da garwashi cikin bukka ko tanti a toshe ko'ina saboda sanyi. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi. In wuta za ta shiga ɗaki, to a bar ƙofa ko taga a buɗe.

Wanda ya sha wahalar hura wuta sau ɗaya cikin ruwa ba ya son maimaitawa da asuba, kuma ba dole ba ne. Kafin a kwanta a tura kan gungumen marke ko ƙirya cikin garwashi, in ya kama a lulluɓe da toka, a kifa kasko ko ɓawo a kai saboda yayyafi. Kandilo ma, in an adana shi a busasshen wuri, yana riƙe wuta tsawon dare. Da safe a tone, a ɗora sassaƙe, a hura. Da haka ƙauyawa suka rayu shekara da shekaru ba ashana, gidan da tasu ta mutu a tura yaro maƙwabta da kasko: "Inna, wai in ji Goggo a sam mana wuta." Dabarar ta girmi kowa. Wani mutum da aka tsinci gawarsa cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps a 1991, kan iyakar Italiya da Ostiriya, wanda ya rayu kimanin shekara 5,300 da suka wuce, an same shi da busasshen abin kama tartsatsi a jakar ɗamararsa, da kuma wani ƙoƙo na ɓawon itace mai ɗauke da gawayi a naɗe cikin ganye.

Idan za a tashi, danshin gari ba hujjar barin wuta ba ce. Garwashin da ke ƙarƙashin toka yakan kwana ya wuni da ransa, kuma ƙafar yaro ko ta dabba ba ta san yana nan ba. A watsa itacen, a zuba ruwa, a juya da sanda, a sake zubawa har tururi ya daina tashi, sannan a kai bayan hannu kusa a tabbatar babu sauran zafi. Sauran busassun ƙirare da aka feƙe kuma a ƙulle su a leda a jefa cikin jaka, domin marka takan kai har farkon Satumba.